Mutumin da Ya Zauna Rani Tara

Duk wanda ya taɓa hawa motar Yamai daga tashar Filinge a shekarun baya ya san Albarka, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan dogo mai faɗin tafin hannu da ke ɗaure wa matafiya kaya a saman mota. Ƙullin igiyarsa ba ya kwancewa har bakin teku. Yana ɗaurin yana yi wa samari bayanin hanya: garin da ruwansa ke ɓata ciki, zangon da ake kwana da takalmi a ƙarƙashin kai, mai masaukin da za a nema a Kumasi. Baƙo ya ji shi sai ya ce jiya ya dawo. Alhali mutumin ya yi shekaru ƙafarsa ba ta wuce Baleyara ba, nan kusa a kan hanyar Yamai.

Ba a Kurfai, wato ƙasar Filinge, aka haife shi ba, kuma nan maganar ta samo tushe. Ubansa Musa mai haƙa rijiya ne daga ƙasar Moshi, wadda ake kira Volta a lokacin. Ya shigo Dallol, kwarin da garin ke ciki, da jaki da igiya da ɗan marayansa wanda ko haƙoran gaba bai gama famfara ba. Rijiyar da ya haƙa gabas da gari har yau ana shan ruwanta. Bai daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke shi, ya bar yaron da wata takardar haihuwa da ya naɗe cikin fata kamar laya. Dijatu mai fura, maƙwabciyarsu, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ja hannun yaron ta kwantar da shi tabarma ɗaya da ɗanta Kailu. Daminar wannan shekara ta yi kyau, sai ta raɗa masa Albarka, sunan yanka ya bi ruwa.

Haka suka tashi, ƙwarya ɗaya, dukan bulala ɗaya. Da suka yi ƙarfi Dijatu ta raba musu gonar mijinta biyu, ba ta bar wa ɗan cikinta ko taki ɗaya na fifiko ba. Albarka ya auri Habsa, ƴar unguwa. Ana rubuta shi cikin masu biyan lanho, harajin kai, kamar kowa. In an ce masa ɗan Moshi, to ana wasa ne, shi ma dariya yake yi, don kalma ɗaya ta yaren ubansa ba ta rage a bakinsa ba.

Sai ku san halin mutanen Kurfai. Da an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, namiji ba shi da sauran zama. Kurmi ake nufa, wato ƙasashen bakin teku, a ci rani a can a dawo da ruwan farko. Wanda ya zauna gida da rani ba ciwo ba tsufa, mata ma ba sa gaishe shi da kyau. Kuma in za a yabi mutum a ƙasar nan, ba a cewa yana da kirki ko yana da gaskiya, wannan abin da za a faɗa ne ran da ya mutu. Garuruwan da ya taka ake lissafawa. Wane ya sha ruwan Kumasi, wane ya ga jirgin ruwa a Abijan, wane Ikko ta san shi. Iyakar nisanka iyakar darajarka. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma Bakurfaye ya fi kifi yarda da wannan magana.

A wannan fage Albarka da Kailu ba su da na uku. Sun yi dako a kasuwar Kumasi, sun sauke buhuna a bakin jirgi, sun sayar da agogon da ba ya tafiya sai an girgiza shi. Da babban fari ya zo, shekarar da soja suka karɓi mulki, ba abin da za a koma nomawa, sai suka zauna Abijan shekara huɗu cur suna aiko da abin da gida biyu suka rayu a kansa. A duk yawon nan Albarka bai taɓa riƙe katin ɗan ƙasa ba. Takardar lanho ce a aljihunsa, ga bakin Hausa, ga sanin hanyar daji. Ya ɗauka wannan ya isa.

Ran da ya gane bai isa ba, suna Ikko ne, shekarar da Najeriya ta kori baƙi. Aka kwaso su kamar tumaki zuwa kan iyaka. Manyan motoci na jiran ƴan Nijar, wani soja tsaye a gindin kowace yana duba kati kafin mutum ya hau. Kailu ya nuna nasa ya haye. Albarka ya miƙa takardar lanho, sojan ya juya ta ya ce wannan ba shaida ba ce. Ya kwance layar ubansa ya miƙa. Sojan ya karanta ya nuna masa gefe da baki, ya ce mutanen Volta can za su jira tasu motar. Albarka ya tsaya cikin mutanen da ba ya jin abin da suke faɗa, yana kallon ƴan unguwarsu, waɗanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, suna zazzaune a kan kayansu. Motar ta tashi. Ba ta yi nisa ba ya ga an jefo ƙunshi ƙasa, mutum ya biyo bayansa ya faɗi ya mirgina ya tashi yana ɗingishi.

"Kai mahaukaci na?" in ji Albarka.

"In na isa gida ni ɗai, mi za ni ce ma Inna?" in ji Kailu. "Ɗauki kayanka mu bi daji."

Ta daji suka iso, ƙafa duk ta fashe. Albarka bai yi wa kowa maganar ba, amma abin ya zauna masa a ƙirji. Ba yunwar hanya ce ta dame shi ba. Bakin sojan nan da ya nuna masa gefe shi ne ya hana shi sakat. Ya rantse ba za a sake ware shi daga mutanensa a gefen hanya ba, sai ya samu takardar da ta ce shi ɗan ƙasar nan ne.

Masu wayo suka ba shi shawara mai sauƙi. Ya nemi mutum biyu su je su rantse a Filinge aka haife shi, ya jefa layar a wuta, magana ta ƙare. Albarka ya ƙi. Ya ce mutumin da ya haƙa rijiyar da gari ke sha ba za a shafe shi da rantsuwar ƙarya ba. Kan Albarka dutse ne, kowa ya sani. Ya bi doguwar hanya, ya kai buƙatarsa ofis a matsayin baƙon da ke roƙon a karɓe shi. A shekarar ma ƙasar da aka haife shi ta canza suna ba ta ko aiko masa da labari ba.

Aka ce za a yi bincike, ya kawo mutanen da suka san shi. Wa zai kawo in ba Kailu ba? Ya haɗa da Magagi, wani dattijon unguwa da ya ga zuwan ubansa. Suka sha manyan riguna suka tafi. Jandarman da ke tambayar saurayi ne daga gabas, mai ladabi, yana buga abin da aka faɗa a keken rubutu da yatsa biyu. Ya tambayi Kailu ko mutumin nan mazaunin garin ne.

Kailu ya gyara hula. An ce ya yabi ɗan'uwansa gaban hukuma, kuma yabo ɗaya ya iya.

"Mazauni? Ranka shi daɗe, wanga ba mazauni ba na, namiji na! Tun da munka yi wayo rani bai taɓa ishe shi gida ba. Kumasi ta san shi. Abijan shekara huɗu munka yi ba mu leƙo ba. Ikko kau sai da anka kore mu."

"Shekara huɗu a jere?" in ji jandarman.

"Har da wata ukku bisa," in ji Magagi, don kada a bar shi a baya. "Duk Kurhwai babu mai ƙahwa tai. In kana biɗar ɗan ƙasa na ƙwarai, ga shi nan."

Albarka na zaune yana sunkuyar da kai don kunya irin ta wanda ake yabo. Keken rubutu na ta ƙwas-ƙwas. Suka fito suna murna, Kailu har ya sayi tsire.

Amsa ta ɗauki kusan shekara. Magatakardan da ya karanta masa ita bai ɓoye komai ba. Doka na son mai nema ya kasance zaune cikin ƙasa shekara goma kafin ranar da ya kawo buƙatarsa, kuma bisa shaidar mutanensa da kansu, shi rabin rayuwarsa a waje yake. Albarka ya ce yarintarsa fa, ai ta fi goma. Aka ce wannan ta wuce, na baya-bayan nan ake dubawa. Ya ce to duk mazan Kurfai haka suke, har maigari. Magatakardan ya ce su ba su roƙi komai ba, da abinsu aka haife su. In yana so ya zauna, ya daina doguwar tafiya, bayan shekara goma ya dawo.

Ni dai har yau abin na ba ni haushi. Abin da ya sa shi cikakken Bakurfaye a idon gari, shi ne ya hana shi zama ɗan ƙasa a idon ofis. Kailu kuwa da ya ji, kwana ya yi bai ci tuwo ba. Ya zo ya tsuguna a ƙofar Albarka ya ce bakinsa ne ya yi gyaran gangar Auzinawa. Albarka ya ce ba ƙarya ya faɗa ba, ya tashi.

Sai Albarka ya zauna gida. Faɗar haka da sauƙi. Ranin farko ya raka su tasha, ya ɗaure wa Kailu kaya da hannunsa, ya tsaya har motar ta ɓace a kwanar dutse. Ya dawo cikin gari ya tarar ba kowa sai mata da tsofaffi da awaki. Da hantsi ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara dangar da ba ta lalace ba. Habsa, wadda ta saba da rani ita ke da gidanta, ta ce masa, "Maigida, ka tashi daga bakin murhu, kana tare mini iska." Matan unguwa suka sa masa suna mai gadin rumbu. In ya wuce bakin rijiya sai wata ta ce a ba shi tulu, tunda ya zama ɗaya daga cikinsu.

Kewa ta ci shi ƙwarai. Yakan ce warin kifi da man jirgi na bakin tekun Abijan, wanda da yake toshe hanci saboda shi, yanzu da za a sayar masa da shi a kwalba da ya saya. In ruwan farko ya kusa, ƴan Kurmi suka fara dawowa da rediyo da atamfa da sababbin labarai, sai ya zauna a bakin taron yana saurare. Da can shi ke ba da labarin. Yanzu in ya sa baki sai wani yaro ya ce, "Baba, ai wannan gadar an rushe ta tuni." Sai ya ja da baya. Kailu kaɗai ke zuwa ya zauna da shi ya bi masa unguwannin ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya yi aure, mai shayin nan na bakin tasha ya tambayi labarinsa. Kowace shekara kuma in zai koma sai ya ɗaga yatsu ya nuna masa shekarun da suka rage.

A hankali gari ya saba da samun namiji da rani. In guga ya faɗa rijiya, Albarka. In naƙuda ta yi tsanani, shi ke ɗaura wa jaki amalanke a kai mace asibiti. In tsoho ya cika, shi ke haƙa kabari, aikin ubansa ya dawo hannunsa ta wata hanya. Da Dijatu ta kwanta ciwon ajali cikin zafin bazara, Kailu na Abijan, Albarka ne ya riƙe kanta. Masu kiransa mai gadin rumbu suka daina, ko da yake ba wadda ta ba shi haƙuri. Soja suka sauka daga mulki, aka yi zaɓe, mutane suka yi layi da katinsu. Shi ya tsaya daga nesa a inuwar gawo yana riƙe wa wata tsohuwa akuyarta.

Ya cika rani tara. Saura ɗaya.

A ƙarshen ranin nan ƴan Kurmi suka dawo ba Kailu. Hamani, wani matashin unguwa da suke ɗaki ɗaya a can, ya zo ya durƙusa ya faɗi abin da ya faru. Kailu ya faɗi a bakin aiki, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Ba ya iya zama, balle a sa shi mota kwana da kwanaki. Ƴan gari sun yi abin da za su iya, amma damina ta kira kowa gonarsa, an bar shi hannun wani mai gadi da ke leƙa shi in ya samu sarari. Ƴaƴan Kailu mata ne, suna ɗakunan mazansu.

"Ya ba ni saƙo, Baba," in ji Hamani. "Da ƙyar nij ji abin da shika hwaɗi. Ya ce in ce maka kada ka zaka. Ya ce saura guda, ka zamna. Ya ce ya ɓata maka sau ɗaya, kada shi ɓata maka na biyu."

Albarka ya sallami Hamani. Ya shiga gida ya zauna a kan turmi. Habsa na tankaɗe, ta ji duk abin da aka faɗa ta bayan danga. Ta ce masa, "In ka tahi, ƙidaya ta koma hwarko?"

"In na daɗe."

"Za ka daɗe. Ciwon ga ba na wata guda ba na." Ta kaɗe rariya. "In ka zamna kuma, takardar ta zaka, ina za ka aje ta da ba za ka gan shi cikinta ba?"

Ta tashi ta ciro tsohuwar jakarsa daga saman rumbu, ta kakkaɓe ta. Gonar kuwa ta ce ita da maƙwabta sun ishe ta.

Ya bi hanyar da ya yi shekara tara yana mafarkinta, bai ga komai a kanta ba. Tekun ma da ya isa bai je ya duba ba. Ya tarar da Kailu kwance a wani ɗakin katako, ya rame har ba a gane shi. Kailu ya gan shi ya kau da kai bango, hawaye na bin gefen da ya mutu. Da bakin ya buɗu, abin da ya fito shi ne, "Kai mahaukaci na?"

"In na zamna gida ni ɗai, mi za ni ce ma Inna?" in ji Albarka.

Ya yi masa wanka, ya ba shi koko da cokali, ya riƙa juya shi don kada baya ya yi gyambo. Da safe ya yi dako, da rana ya dawo ya murza masa ƙafa da man kaɗanya. Wata ya bi wata. Damina ta wuce, rani ya zo ya wuce, wata daminar ta kama. Sai da aka haura shekara kafin Kailu ya iya zama a jingine. Likita ya ce in gida yake so, to yanzu ne, kada a jira ya ƙara samun sauƙi don ba zai samu ba.

A kan iyaka aka karɓi katin Kailu aka duba aka mayar. Albarka aka ce ya sauko. Aka buga masa hatimin shigowa irin na baƙi, da kwanan wata a jiki, a kan takardar tafiyar da ya yanka a Abijan. Ya kalli hatimin, ya san abin da yake nufi. Ya koma mota ya gyara wa Kailu matashi.

Sun iso hatsi ya fid da kai. Albarka ya goya shi daga tasha, bai kai shi gida ba sai da ya bi da shi ta gona, ya tsaya a kan iyakar da Dijatu ta ja musu. Kailu ya miƙa hannun da ke motsi ya shafa zangarniya ɗaya. Bai kai girbi ba. Ran da aka kai shi makwanci, liman ya ce ɗan'uwan mamaci ya sauka ya karɓe shi. Akwai dangin uba a wurin, akwai surukai. Ba wanda ya motsa, duk suka juya suna kallon Albarka. Ya tuɓe takalmi ya sauka.

Bayan sadakar arba'in ya sa rigarsa ya koma ofis, don shi ba ya barin magana a rataye. Magatakardan sabo ne. Ya saurare shi har ƙarshe, ya duba hatimin, ya ce Allah ya ba da lada, amma abin da ke rubuce shi ne ya fi shekara a waje. Sai dai a sake daga farko. Albarka ya ce to. A lokacin furfura ta riga ta cinye masa gemu.

Ya dawo gida ya tarar da Habsa na sussuka. Ta ɗago ta dube shi.

"Goma," ya ce.

Ta ci gaba da aikinta, sannan ta tsaya ta jingina taɓarya.

"Wagga karon kana cikawa," ta ce. "Mai kiranka ya komo gida."

Albarka ya juya ya kalli gabas, wajen maƙabarta, ya daɗe a haka. Rani ya kama, an ce da safe akwai motar samari da za ta tashi zuwa Kurmi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko igiyarsa.